Gidan da ya ba titi baya

Akwai wata magana da nake so in kashe tun ina da sauran numfashi, domin na ji ta a bakin jikokina, kuma na san daga bakinku suka ɗauka. Wai gidanmu na Anacha ya ba titi baya ne saboda babanku ya riƙe takardar zanen gini a juye, shi kuma birkila ya bi shi a haka. Kuna faɗa kuna dariya. To ƙarya ce. Mutumin da ya ratsa dajin ƙasar Bama a yaƙin duniya ya dawo da ƙafafunsa biyu, ba zanen ɗaki uku da baranda ne zai ruɗa shi ba. Ni ce ban iya karatu ba a lokacin, sai bayan na aurar da Binta na shiga ajin yaƙi da jahilci. Kuma ni na juya gidan, idona biyu, hankalina ɗaya. Wannan rubutun hannuna ne, in kun ga harafi ya karkace ku miƙe shi da kanku, amma kada wanda ya taɓa mini maganar.

Kafin gidan, haya muke a wani dogon gida kusa da kasuwar Ose. Ɗaki ɗaya ne, mu da ku da akwatin ƙarfen babanku na soja. Ƙofofi a jere suna kallon juna, murhu a jere, layin wanka kowa da bokitinsa. Tukunyata ba ta da sirri. In na sa nama a miya maƙwabciyata ta riga babanku sani, in ban sa ba ta zo ta yi mini jaje. Ni kuwa a Zariya na tashi, gidan da sai ka wuce zaure ka yi sallama ka jira kafin ka ga inuwar mace. A can mace tana da tsakar gida. Ta yi daka, ta yi tsifa, ta zauna da ɗaurin ƙirji in zafi ya yi, ba wanda ya sani sai kaji. Na yi shekaru a Anacha ban taɓa cire ɗankwali a ƙarƙashin sararin sama ba. Kuna iya ganin wannan ƙaramin abu ne. Ni shi ne abin da nake kwana da shi nake tashi da shi, har a gindin tiren albasata a kasuwa.

Babanku, Saja, gadi yake yi a sito na wani kamfani a bakin ruwa. An sallame shi daga soja tun da daɗewa, amma shi bai sallami soja ba. Takalminsa ya fi farantin cin abincinmu ƙyalli. In ya ga takarda mai hatimi sai ka ga ƙafafunsa sun haɗe da kansu. Maganarsa kullum ɗaya ce, oda oda ce. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, murya ma da ƙyar, amma in gwamnati ta ce rana daga yamma take fitowa, to gobe da safe yamma zai kalla.

Shekarar da ake ta cewa Turawa sun fara ɗaure kayansu, sai abokinsa Kofur Bulus ya zo da labari. Bulus mutumin kudancin Zariya ne, Kirista, tare suka yi Bama, bayan an sallame su ya shiga aikin gandiroba. Ya ce gwamnati za ta tsaya wa tsofaffin sojoji a ba su rance su gina gida, a riƙa cira daga albashi a hankali. Ba a hannu ɗaya ake ba da kuɗin ba. Kashi na farko na tushe da bango ne. In bango ya kai, mai duba gini ya zo ya gani ya sa hannu, sannan a saki kashi na biyu, na katako da kwano. Sharaɗin guda ne, zanen da gwamnati ta bayar shi za a bi. Babanku ya jera lambobinsa a ƙirji ya yi ta sintiri zuwa Inugu har direbobin mota suka san shi, rannan sai ga shi da takarda a naɗe kamar tabarma. Na miƙa hannu ya janye.

"Hannunki da mai, Kande."

"To buɗe in gani."

Ya buɗe. Layuka ne kawai, ni ban ga gida ba. Na ce Allah ya sa alheri.

Filin da muka samu yana can gefen unguwa, gabansa titi, bayansa doguwar ciyawa da ta gangara har wajen kogi. Birkilan da muka ɗauka sunansa Nwafo, Inyamuri ne da ya yi zaman Sabon Garin Kano, yana jin Hausa har da zagi. Ranar da ya kafa turaku ya ja igiya, na bar tirena wurin wata na je kallo. A nan ne layukan suka zama gida a idona. Na tambaye shi ina zaure. Ya ce babu. Na ce wannan dogon wurin da ke bakin titi fa? Ya ce baranda ce, nan ake zama a sha iska. Na ce ɗakin kwana fa? Ya taka ya tsaya a ciki, ya buɗe hannuwansa ya nuna mini faɗin taga, ita ma titi take kallo. A bayan gidan kuwa, wajen da fili yake, bango ne kawai da 'yan ƙananan tagogi da wani ɗan sito mai ƙofa. Na juya wurin babanku.

"Saja, wanda ya zana wannan gidan yana da mata?"

"Injiniya ne."

"Ban tambaye ka aikinsa ba. Duk wanda ya wuce a kan keke zai ga gadona. In zauna a baranda in yi tsifa ina gaisawa da masu tura amalanke?"

"Sai ki sa labule."

"A hayar ma ina da labule. Rance za mu ci mu gina wa kanmu haya?"

"Haka zane ya ce, Kande. Oda oda ce."

Na yi shiru, shi kuma ya ɗauka na haƙura. A shekarun aurenmu ya kamata a ce ya san shiruna.

Allah da ikonsa, kafin a fara haƙa tushe kamfaninsu suka tura shi Fatakwal na wasu makonni, wai sun buɗe sabon sito suna son tsohon hannu. Ya damƙa wa Nwafo takardar, ya damƙa mini kuɗin siminti, ya ce in sa ido. Na kuwa sa. Washegari da sassafe ina filin. Na ce wa Nwafo ba na so ya ƙara bulo ɗaya, ba na so ya rage bulo ɗaya. Tsawon nan, faɗin nan, ɗakunan nan. Turakun kawai zai cire ya mayar da gaba baya. Baranda da manyan tagogi su kalli fili, wannan fili ya zama tsakar gida. Bangon baya ya tare titi. Ɗan siton nan mai ƙofa, shi ne zaure. Ya tsaya ya dube ni, ya dubi igiyar, na ga a fuskarsa ya gane abin da nake nufi, domin ya shiga gidajen Kano ya yi aiki.

"Madam, abin zai yi kyau. Amma Saja zai harbe ni."

"Da me? Bindigar tun a bariki suka karɓe."

"Mai duba gini fa?"

"Da awo yake zuwa ko ba da awo ba? Ya auna. In ya samu taku ɗaya ya ɓace, ni zan biya."

Ya ƙi. Ya ce wa leburorinsa su fara haƙa yadda igiya take. Sai na sauke tirena, na shiga inda suka fara haƙawa, na shimfiɗa zane na zauna, na jera albasa kashi-kashi kamar ina kasuwa. Suka koma wancan gefen, na kwashe na bi su. Har wata mata da ke wucewa ta tsaya ta saya. Rana ta yi tsaka ba a haƙa abin da zai binne kyanwa ba, ga leburori kuɗin yini za a biya su. Da azahar na aika gida aka kawo tuwon da na tuƙa tun asuba, miyar kuka da man shanu, irin wanda Nwafo ya ce rabonsa da shi tun barinsa Kano. Ya ci ya suɗe hannu, ya daɗe yana kallon kogi, sannan ya tashi ya fara tumɓuke turaku da kansa.

"In Saja ya tambaya, ban san ki ba," in ji shi.

"In ya tambaya, turo shi wurina."

Lokacin da babanku ya dawo bango ya kai saman taga. Daga tasha filin ya wuce, da jakarsa a kafaɗa, ni ina can ina yayyafa wa bulo ruwa. Nwafo na hango shi ya tuna yana da saƙo a kasuwa. Babanku ya tsaya a titi yana kallon bango. Ya zagaya. Ya dawo titi. Ya fito da kwafin takardarsa daga aljihu ya duba, ya sake zagayawa ta ɗaya gefen, ko zai yiwu ta can abin ya gyaru. Sannan ya zo ya tsaya a gabana.

"Kande, ina gaban gidana?"

"Ga shi nan kana tsaye a kai. Yana kallon tsakar gida, kamar na mutanen kirki."

"Wa ya ba da oda?"

"Ni."

Ya cire hula ya share gumi ya mayar. Ya gyara jakarsa ya yi gida. A gida ya ci abincinsa tas, don soja ba ya fushi da tuwo, amma kwanaki yana yi mini magana kamar ni ce kyaftin ɗin da ba ya so. A majalisarsu ta ƙofar masallaci kuwa har labari ya kai. Wani dillalin barkono ya ce ai Saja ne ya riƙe takarda a juye, aka fashe da dariya, kowa na jiran ya musa. Bai musa ba. Ya auna ya ga in ya ce ba shi ba ne, tambaya ta gaba ita ce to waye, kuma sunana zai shiga bakin maza a ƙofar masallaci. Ya zaɓi a yi masa dariya. Haka ya riƙe ta har ya koma ga Allah. Daga nan maganar da kuke yi ta samo asali, yanzu kun san wanda kuke wa dariya.

Mai duba gini ya zo a kan keke, Mista Okoro, siriri mai farar riga da alƙalami a bayan kunne. Ya gaishe mu da ladabi. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya ƙwanƙwasa bulo, ya leƙa tushe, yana ta gyaɗa kai. Ni ina gefe ina kumbura, ina harar Nwafo don ya ga abin da na faɗa masa. Da ya gama sai ya fita titi ya tsaya ya rufe littafinsa. Ya ce gini ya yi kyau, bai ga irinsa ba a wannan watan, amma ba zai sa hannu ba. Doka ta ce gaban gida ya fuskanci hanya. Ko a rushe a sake, ko kuɗin rufi ya tsaya. Kashi na farko kuma da aka riga aka ci, za a ci gaba da cirewa daga albashi ko da gida ko babu.

Ku fahimci inda muke. Bulonmu na jar ƙasa ne da ɗan siminti, in damina ta same shi a buɗe narkewa zai yi kamar dunƙulen sabulu. Hadari ya riga ya fara taruwa a hayin kogi da yamma. Mai gidan hayarmu kuma, tun da ya ji muna gini ya yi wa wani alkawarin ɗakin. Kuɗin rushewa a sake babu shi, ba a kuma ba da rance sau biyu. Na taso wa Mista Okoro da Turancin buroka da Hausa da ɗan Inyamurancin kasuwa duk a haɗe. Na ce masa ya nuna mini bulo ɗaya da ya ɓata. Na ce shi uwarsa a bakin titi take wanka? Bai yi fushi ba. Ya ce uwarsa ma da ta ga gidan nan za ta so shi, amma ba uwarsa ce ke sakin kuɗi a Inugu ba. Babanku ya yi mini alama in dakata, ya matso, ya haɗe ƙafa.

"Ranka ya daɗe, ina da tambaya."

"Ina ji, Saja."

"A wurin gwamnati, me ake kira hanya?"

Mista Okoro ya dube shi. Ya ce hanya ita ce wadda ta tashi daga wani wuri ta kai wani wuri, faɗinta amalanke ya wuce, kuma jama'a na bi ba tare da sun nemi izinin kowa ba. Babanku ya sara masa. Shi kuma ya hau kekensa, ya sa ƙafa a feda, ya ce zai sake biyowa nan gaba kaɗan kafin ya aika rahoto, kuma shi abin da idonsa ya gani yake rubutawa.

Da ya tafi, babanku ya tsuguna ya zana mini a ƙasa da tsinke. Hanya za ta tashi daga titi, ta bi gefen gida, ta ratsa daidai gaban baranda, ta gangara cikin ciyawa har ta haɗe da turbar da ke zuwa bakin ruwa da kasuwa. Na duba inda tsinken ya bi. Tsakiyar tsakar gidana. Na ce a matsar da ita can ƙarshen fili. Ya ce in ta yi nisa, gida fili yake kallo ba hanya ba. Na ce a kafa zana tsakaninta da baranda. Ya ce to gida zana yake kallo. Na ce a yi ta, in an sa hannu a toshe. Ya ɗago kai ya dube ni kamar na ce a saci akuyar liman.

"In na ce wa gwamnati hanya ce, to hanya ce. Ba na ƙarya da lambobina a ƙirji."

"To ni me na samu ke nan?"

"Rufi." Ya jefar da tsinken. "Ke kika ba da odar farko, Kande. Ba zan sa adda a filin nan ba sai kin ba da ta biyu."

Wannan ita ce kaɗai ramuwar da ya taɓa yi mini, kuma ta isa.

Washegari ban je kasuwa ba. Na tafi filin ni kaɗai da hantsi, na shiga ta ɗan zaurena, na ratsa ɗakunan da sama ce rufinsu, na fita baranda. Bango ya tare titi, ko ƙarar keke ba na ji sosai. Gabana fili ne, sai ciyawa, sai ƙyallin kogi can nesa. Na shimfiɗa tabarma a inda na riga na zaɓar wa turmi. Na cire mayafi, na cire ɗankwali, na warware kitsona na tsefe shi tas, iska na shiga har fatar kaina. Na miƙe ƙafa. Na yi waƙar da ban yi ba tun ina budurwa, da muryar da kuka sani, wadda ba ta da daɗi, ba kuwa wanda ya ji. Na yi gyangyaɗi ma. Abin da ya tashe ni tsawa ce daga hayin kogi, wajen Asaba, can ƙasa-ƙasa. Na kalli bangon jar ƙasa, na kalli sama. Na ɗaura ɗankwalina a kan tsefaffen gashi na nufi bakin ruwa, na samu babanku a ƙofar sito.

"A sare," na ce masa.

Wannan yinin shi ne duk tsakar gidan da na yi a Anacha. Ban raina shi ba.

Ciyawar da ke bayanmu ta wani dattijo ce ɗan gari. Babanku ya kai masa goro, dattijon ya amince tun kafin a gama bayani, don ya san abin da hanya ke yi wa fili, mu ne ba mu sani ba. Ranar Asabar Kofur Bulus ya iso da usur a wuya, bayansa tsofaffin sojoji da adduna, Bahaushe da Bazazzagi da Tibi da wasu Inyamurai biyu. Ku ga mutanen da suka ce sun sare dajin Bama. Wannan tumbi ya hana shi sunkuyawa, wancan gwiwa, wani kuwa in ya ɗaga adda sai kowa ya watse don ido ɗaya gare shi. Bulus ya jera su ya busa usur. Suka yi sara kaɗan suka zauna suka ba da labarin yadda suka yi sara a Bama. Na ce musu da labari ake sare daji da yanzu mun isa Legas, kuma ba wanda zai ga tuwo sai na hango kogi ta cikin ciyawar nan. Aiki ya tashi. Ɗan dashen lallena da na roƙo daga wata Banufiya na kafa a gaban baranda yana kan layi. Bulus ya tsaya a kansa ya cire hula.

"Uwargida, a yi haƙuri."

"Sare, Kofur. Ka ga na yi kuka?"

Ya sare. Na shiga ɗaki na ɗan daɗe.

Saura jama'a. Hanya ba masu bi ba hanya ba ce, kuma wa zai bi hanyar da jiya ciyawa ce? Wannan ɓangaren nawa ne. Na shiga Ose wurin 'yan dakon albasa, waɗanda na sani suka san ni, na ce duk wanda ya bi ta gaban gidana da kaya a ka ranar da mai duba gini zai zo, yana da koko da ƙosai har ya ƙoshi. Babanku ya ce shi bai ji ba bai gani ba, ya ce a yi hanya ya yi, wanda ya bi ta ruwansa. Na ja wa 'yan dako kunne. Ku wuce kamar kuna da wurin zuwa. Kada ku kalle shi. Kada ku kalle ni.

Mista Okoro ya zo ya jingine keke ya tsaya a baranda, babanku na gefensa a ƙame. Sai ga su. Na farko ya wuce da buhu, lafiya. Na biyu ya wuce. Na uku, wani Basakkwace dogo mai suna Ɗanjuma, ya tsaya ya sauke buhu ya durƙusa ya gaida mai duba gini har da tambayar iyali. Suka gangara, suka ɓuya a bayan ciyawa, suka juyo. Buhun ɗaya daga ciki ya huje, albasa na zuba ɗaya-ɗaya, kowane zagaye buhun na ƙara ramewa. Ɗanjuma kuwa duk wucewa sai ya sake gaisuwa. A zagaye na ban san nawa ba ya leƙo ya ce mini, a gaban kowa, wai Iya ƙosan ya soyu ko su ƙara ɗaya?

"Saja," in ji Mista Okoro, "wannan buhun na san shi. Har ya fara tsufa a gabana."

Babanku bai motsa ba, amma na ga gumi na bin bayan kunnensa. Littafin yana rufe. Alƙalami na bayan kunne. Na ce a raina shi ke nan, na rasa tsakar gida na rasa rufi.

Sai ga wata mata ta ɓullo daga gangaren kogi, Inyamura, da faranti na kifi a ka da goyo a baya. Ba mu san ta ba, ba ta san mu ba. Ta ga an buɗe wuri ne ta ga ya fi mata kusa. Ɗanjuma ya tare mata gaba yana shirin wata gaisuwar, ta zazzaga masa masifa da yarensu, ta ture shi da kafaɗa, ta wuce ta gaban barandata ko kallonmu ba ta yi ba, ta fita titi ta yi gaba. Mista Okoro ya bi ta da ido har ta ɓace. Ya zaro alƙalami.

"Wannan ba ta nemi izinin kowa ba," in ji shi.

Kuɗin rufi ya fito, kafinta ya hau, aka buga kwano ana kallon sama. Matar kifin nan kuwa ashe tana da baki. Kafin mu tare, masu kifi sun gano hanyar, masu itace sun gano, 'yan dakon da na saya da ƙosai sun gano cewa da gaske ta fi kusa, suka ci gaba da bi ba ko sisi. Amalanke ya biyo. Dattijon mai ciyawa ya yanka filinsa ya sayar. Titin da na juya wa baya don in huta, a hankali ya mutu, awaki suka mayar da shi wurin kwana. Ɗan zaurena ya koma wurin ajiye gawayi, don ba baƙon da ya taɓa shigowa ta nan. Ku da kuka tashi kuna jin amalanke da keke na wucewa a bakin tagar ɗakina, kun ga abin da na saya.

Ruwan farko ya sauko kwana kaɗan bayan mun tare, da la'asar, irin ruwan Anacha da ba ya sallama. Na fito baranda da mayafina don in ji shi a kan kwanona. Babanku ya fito da kujerarsa. Kafin in gama zama, duk wanda ke kan hanya ya kwaso a guje ya faɗo barandar, masu kifi, 'yan dako, wani da akuya, wani da keke, har aka matse ni a jikin bango. Wani mutum da ban taɓa gani ba, jiƙe sharkaf da buhu a ka, ya sa gwiwar hannu ya taɓa ni.

"Iya, ɗan matsa mana. Kowa ma fakewa yake."

Na juya na kalli babanku, ina jiran ya gaya wa mutumin nan ko barandar wa yake tsaye. Ya kafa ido a kan ruwa, fuska a ɗaure kamar yana fareti, kafaɗunsa kaɗai ke rawa. Na buɗe baki. Sai na ɗaga kai na kalli kwanon, tun daga wannan kusurwa har waccan, ruwa na dukansa kamar zai tsaga shi, ko ɗigo bai sauko ba.

Na matsa.